Buji Huɗu a Kan Kwali

A Garwa abu ɗaya yakan amsa suna biyu. Makanikin da ya koyi aiki a Yola ko Mubi zai ce maka fulogi. Wanda ya koya a Marwa ko Ngaundere zai ce buji, daga Faransanci, inda asalin kalmar take nufin kyandir. Ni da na tashi a tsakanin biyun, wanda ya zo bakina shi nake faɗa, kuma haka za ku yi ta gani a wannan rubutu. Abin da nake magana a kai shi ne ɗan ƙarfen nan mai farin wuya na tangaran, wanda da kaɗan ya fi yatsa tsawo, da ake ɗaura wa injin mota mai shan fetur don ya ba shi wuta.

Wani zai ce, me ya haɗa mujallar iyali da kayan gareji? Tukunya ce ta haɗa su. Da yawa daga cikinmu rabin jarinmu yana shago, rabi yana kan taya huɗu, kuma ranar da wanda ke kan taya ya tsaya a daji, mutanen gida ne farkon masu ji a jikinsu. Mu 'yan kasuwa muna da ido. Na san Alhazan da za su shafa atamfa da babban yatsa su gaya maka gangariya ce ko jabu. Na san masu hatsin da za su tauna ƙwayar masara ɗaya su ce maka ta bana ce ko ta bara. Amma in aka ciro buji daga motarsu aka miƙa musu, sai su juya shi su sake juyawa, su ce wa direba, “Kai ka san wannan.” To ta nan kuɗi yake zurarewa. A ganina, bayan shekara talatin da wani abu ina bin hanya, duk mai mota ya kamata ya iya karanta bujinsa da idonsa kamar yadda yake karanta littafin bashi, ko da kuwa ba zai taɓa riƙe sifana ba.

Sana'ata sayar da yadi da atamfa da ƙananan kayan gida. Ina da rumfa a babbar kasuwar Garwa, amma rabin cinikina a kasuwannin mako yake: Pitowa ran Lahadi, Adumri ran Alhamis, sai Ngong da Gidar da Figil idan hali ya yi. Tsohuwar bas ce da ni mai silinda huɗu. Ban yi makarantar kanikanci ba, boko ma ban yi nisa ba. Abin da na sani a tsugune na koye shi, a gefen wani dattijon makanike na unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi zamani da Peugeot 404 da 504, yana koyar da yaransa da Hausa da Fulatanci da Faransanci duk a magana ɗaya.

Abin da ya fara sa ni na riƙe shi ne injin fetur abu uku yake nema: mai, iska, wuta. Fistan yana sauka ya zuƙo iska da fetur cikin silinda, ya hau ya matse su, sai buji ya yi tartsatsi, cakuɗen ya kama, ƙarfin ya tura fistan ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Batirin mota bolt 12 ne kacal, amma kwayil, wanda mutanenmu na nan suke ce wa bobin, yana ɗaga wutar ta kai bolt 20,000 ko fiye, don ta iya tsallake 'yar ratar da ke bakin buji. Idan injin yana juyawa sau 3,000 a minti, kowane buji yana tartsatsi sau 1,500 a mintin nan, wato sau 25 a daƙiƙa. Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 ne da 'yan kai. In ka yi awa huɗu a hanya, kowane ɗaya ya yi aiki wajen sau 360,000, cikin wuta da matsi. Ka ga ba abin mamaki ba ne ya gaji.

Tsohuwar dabara ce. Tun 1860 Étienne Lenoir ya yi injin da ke kamawa da tartsatsin lantarki a Faransa, kuma a 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irin bujin da na yau suka gada. Sai dai akwai ruɗani guda a wajenmu: mota mai shan gas, wato gazuwal, ba ta da irin wannan buji, matsi ne yake kunna manta. Abin da take da shi na ɗumama silinda ne da safe, amma da Faransanci shi ma buji ake ce masa. Duk abin da zan faɗa nan gaba na mota mai fetur ne, da babur, da ƙaramin janareta.

Buji ba ya mutuwa bagatatan, sai ya yi ta sallama. Mota ta fara wuyar tashi da safe. In tana tsaye a silo, sitiyari yana karkarwa. In ka taka totur sai ta yi kamar ta yi tuntuɓe kafin ta amsa, abin da makanikai suke ce wa misin. Hawan da take yi da giya uku sai ta nemi biyu. Salansa yana warin ɗanyen fetur, tanki yana saurin sauka, a sababbin motoci kuma fitilar injin tana kamawa ko ta yi ta ƙyaftawa. Gaskiya ne waɗannan alamu suna iya zuwa daga waya ko kwayil ko injekta ko kaburata. Amma buji shi ne mafi arha da sauƙin dubawa, kuma in ka ciro shi, shi da kansa zai nuna maka inda za ka duba na gaba.

Ga yadda dattijon ya koya mana. Na farko, injin ya kwana ya huce. Kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyom ne, in ka kwance buji yana da zafi kana iya cinye haƙoran ramin, aikin minti goma ya koma na kwana biyu. Na biyu, kafin ka sa sifana ka hure ƙurar da ta taru a gindin buji, da famfon taya ko iskar mai faci, domin duk yashin da ka bari, silinda zai faɗa da zarar ramin ya buɗe. Na uku, in motar mai wayoyi ce, ka kama wayar ta hularta ka murɗa kaɗan sannan ka ja, kada ka fizge ta ta tsakiya, kuma ɗaya bayan ɗaya, don kada wayoyin su rikice. In mai kwayil a kan kowane buji ce, ka cire soket da ɗan kusar, ka zaro shi a miƙe. Sifanar buji yawanci lamba 16 ce ko 21, wasu sababbi 14. Sannan abin da ya fi nanatawa: ka samo kwali, ka huda rami huɗu, ka rubuta 1, 2, 3, 4, farawa daga ɓangaren bel, kowane buji ya shiga raminsa. Yakan ce in ka zuba su wuri ɗaya, ka mai da shaidu huɗu sun zama taron kasuwa.

Sai karatu. Bujin lafiya bakinsa a bushe yake, launinsa tsakanin toka-toka da ƙasa-ƙasa, kamar shayin da aka sa wa madara kaɗan. In ka ga baƙi ƙirin a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi wa iska yawa: ko matatar iska ta toshe, ko kaburata ko injekta na zuba fiye da kima, ko kuma motar ba ta yin doguwar tafiya, kullum cikin gari a hankali. In baƙin a jiƙe yake yana maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, alamar ringi ko robar bawul sun gaji. Sabon buji zai ɓoye wannan na ɗan lokaci, amma ba zai warkar da shi ba. In ka ga fari fat, tangaran ɗin ya yi ƙuraje ko bakin ƙarfen ya narke, wannan ya fi baƙi haɗari: zafi ne ya yi yawa, ko mai ya yi kaɗan, ko an sa bujin da ba na motar ba, kuma in aka ci gaba har fistan yana iya hujewa. In ja ne kamar tsatsa ko jan bulo, sau da yawa wani sinadari ne da aka haɗa wa fetur. In kuma ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi alhali sauran suna da launi, ka duba ruwan lagireto, wataƙila gasket ya fara barin ruwa ya shiga wannan silindar.

Amfanin kwalin a nan yake. In huɗun duka launi ɗaya suka yi, matsalar ta kowa ce, mai ko iska. In ɗaya ne ya fita daban, to silindarsa ko wayarsa ko kwayil ɗinsa za a bincika. Mai motar da ya san wannan kaɗai, babu wanda zai ce masa a sauke injin saboda waya ɗaya ta tsage.

Bayan launi sai rata. Tsakanin ƙarfen tsakiya da ɗan lanƙwasasshen da ke samansa akwai tazarar da a yawancin motoci take tsakanin milimita 0.7 zuwa 1.1, kowace mota da nata, yana cikin littafinta. Ana auna ta da 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba da ke naɗewa kamar wuƙar aljihu, kuɗinsu bai kai na buji biyu ba. Sabon buji bakinsa yana da kaifin gefe. Tsoho ya mulmule kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi, ratar ta buɗe. Da ta buɗe, kwayil sai ya ƙara wahala kafin wuta ta tsallake, kuma kwayil ɗaya ya fi buji huɗu tsada. Goge buji da samfefa a ƙwanƙwasa bakinsa a kan dutse, dabarar fita daga daji ce, ba gyara ba ne. Mun gaje ta ne daga zamanin fetur mai darma, wanda yake barin dauɗa a buji, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina shi tun farkon 2006. Bujin iridiyom mai siririn baki kuwa ko a daji kada a goge shi, gogewar ce take kashe shi. Buji na gama-gari yakan yi kilomita 20,000 zuwa 30,000, na iridiyom ko falatinom yana iya kai 100,000. Wannan lissafin masu ƙerawa ne. A hanyoyinmu ni ba na jiran ya cika.

Dalili kuwa ƙasarmu ba ta tausayin injin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin 'yan makonni, musamman ga mai barin kwalta ya shiga hanyoyin auduga. Matata in ta toshe, injin ya shaƙe, buji ya yi baƙi. Wasu yaran mota kuma maganinsu shi ne su cire matatar gaba ɗaya, wai mota ta samu numfashi, sai yashi ya shiga ya cinye ringi, bana baƙin toka, baɗi baƙin mai. Maris da Afrilu kuma zafin Garwa yana haura digiri 40, ga lodi ya fi ƙarfin mota, ga lagireto da ruwan rijiya. A wannan lokaci ne ake ganin fararen buji.

Sai maganar mai. Kowa a arewacin Kamaru ya san zuwa-zuwa, fetur ɗin Najeriya da ake shigowa da shi a jarka a sayar a kwalabe a bakin titi. Gidaje da yawa da shi suka yi makaranta suka yi aure, kuma akwai ƙauyukan da in ba shi ba, babu wani man. Ba zan zagi sana'ar kowa ba. Amma jarkar da ta yi tafiya a bayan babur cikin ƙura, aka juye ta sau uku kafin ta iso tankinka, tana iya ɗauko ruwa da yashi, kuma akwai marasa tsoron Allah da ke ƙara kananzir. Kananzir yana sa injin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in kana hawa, kuma buji ne farkon mai shan wannan duka. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, ratar farashin da ke tsakanin ƙasashen biyu ta ragu, ribar mai kwalba ta matse, kuma riba in ta matse, jarabar haɗi takan ƙaru. In dole ta sa ka saya, ka tsaya ga mutum ɗaya da ka sani, ka ɗaga kwalbar ka duba gindinta a hasken rana, a tace da ƙyalle mai tsabta a mazurari. Bayan 'yan makonni ka ciro buji ɗaya, shi zai gaya maka ko mai man naka mutumin kirki ne.

Wajen sayen sabo, abu biyu ne ke cutar mutane. Na farko lamba. Rubutun da ke jikin tangaran ba ado ba ne: yana faɗin kaurin haƙori, da tsawonsa, da yadda bujin ke fitar da zafi. Mai tsawo fiye da kima yana iya taɓa fistan, gajere kuma yana barin dauɗa ta cika sauran haƙoran ramin. Lambar zafi ma ba ɗaya ba ce a kowane kamfani: a NGK da Denso na Japan, lamba in ta hau bujin ya fi sanyi, a Bosch da Champion kuma akasin haka ne. Saboda haka “ai duk shida ne” ba magana ba ce. Ka je da lambar da ke littafin motarka. Na biyu jabu. Manyan kamfanonin da kansu suna ta gargaɗi a kan masu kwaikwayon kayansu, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Ka duba da idon da kake duba atamfa: rubutun ya fita tsaf ko ya yi dishi-dishi, haƙoran sumul suke ko da kaushi, zoben gindin yana riƙe ko yana faɗowa da kansa, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen yana daidai saman na tsakiya ko ya karkace. Ka jera huɗun, in ba su yi kama da juna ba, ajiye. In kuma aka ce maka iridiyom ne a kuɗin na gama-gari, ka tuna araha ba ta ado.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi, na ga abin da take jawowa. Wata shekara da rani ina tafiya Ngaundere ɗauko kayan da suka zo mini ta jirgin ƙasa. Wanda ya san hanyar ya san Falez, hawan dutsen da ke bayan Mbe. Garwa tana wajen mita 200 ne daga teku, Ngaundere ta haura 1,000, kuma babban rabon wannan hawa a nan ake yin sa, kwana bayan kwana. Ana dab da magariba na tarar da wata ƙaramar a-kori-kura maƙare da albasa, an sa mata duwatsu a taya, wani saurayi yana tsaye riƙe da ƙugu. Na tsaya. Ya ce, “Baba, sannu da hanya. Wallahi tun la'asar muke nan, ta ƙi ja, in ta tashi sai ta yi ta harbi.” Na ce, “Ɗana, yaushe rabonka da canza buji?” Ya ce ai satin da ya wuce ya sa sababbi fil, wajen wani mai tebur a bakin tasha, har ya yi murna ya same su rabin kuɗi.

Da yake sun daɗe a tsaye, injin ya huce. Muka yaga kwalin sabulu muka jera su. Na biyu tangaran ɗinsa ya tsage, na uku ƙarfen tsakiyarsa ya narke ya koma ciki, buji na sati ɗaya. Yaron ya gaya mini albasar ba tasa ba ce shi kaɗai: rabin kuɗin na mahaifiyarsa ne da ta ɗauki adashi, rabi na wani maƙwabci, kuma an yi da shi zai kai ta tasha a daren nan a loda zuwa Yawunde. Duk wanda ya yi kasuwanci a wannan yanki a shekarun 1990 ya san abin da kalmar zargina take nufi, kuma ko da hanya ta yi sauƙi yanzu, babu mai son ya kwana a gindin dutse da kayan mutane. Albasa kuma a cikin buhu a rana ba ta jira.

Ina da al'adar ajiye tsofaffin bujina masu sauran rai a cikin tsumma a ƙarƙashin kujera. Muka gwada tsawo da haƙori da nasa, Allah Ya sa suka yi daidai. Muka ɗaura biyu, ta tashi, na bi shi a baya har cikin gari. Da zai ba ni kuɗi na ce, “Riƙe abinka. Gobe da safe ka nemi shagon kirki ka sayi huɗu masu lambar motarka, waɗannan aro ne na fita daji.” Abin da ya rage a wajen mai tebur bai kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba, amma saura kaɗan ya ci mota guda ta albasa da adashin tsohuwa.

Ɗaura sabo shi ma yana da ladabinsa. A canza su duka tare, ko da ɗaya ne ya nuna gajiya, domin tare suka tsufa. A duba ratar kafin a sa. A fara murɗawa da yatsu, ko da guntun tiyo da aka cusa a kan bujin in ramin yana da zurfi. In ya ƙi shiga cikin sauƙi, a dawo da shi a sake, domin bujin da aka tilasta da sifana a karkace yana yanka sabon haƙori a kan injin. In ya zauna da hannu, sabo mai zobe a gindi rabin juyi ya ishe shi da sifana. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuma ɗan motsi kaɗan ne, tunda zobensa ya riga ya matsu. Yaran gareji suna son su haɗa da ƙarfin kafaɗa, to ka tsaya a kansu. Ɗaurin da ya yi yawa yana fasa buji ko ya cinye rami, wanda ya yi sako-sako kuma yana hana zafi fita. Sannan kowace waya ta koma inda ta fito, ka ji ta ce ƙyas. Ka ce a ba ka tsofaffin a hannunka. Makaniken kirki ba zai ji haushi ba.

Mu zo ga lissafi, tunda shi ne yarenmu. A Fabrairun 2023 litar fetur a gidan mai a Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840. Mu ɗauka motarka tana shan lita 10 a kilomita 100. Garwa zuwa Ngaundere da dawowa wajen kilomita 550 ne, lita 55 ke nan. Mu ɗauka kuma gajiyayyun buji sun ƙara maka lita ɗaya kacal a kowace goma. Lita biyar da rabi a sefa 840 ya haura jaka huɗu da rabi, a tafiya ɗaya. In kana yin ta sau biyu a wata, cikin wata biyu ko uku ka ƙone kuɗin da zai saya maka buji huɗu na kirki, kuma har yanzu tsofaffin ne a motar. Wannan kuɗi ba ya fita da rasit, shi ya sa ba ma ganinsa.

A gidana na mai da abin aikin kowa. Uwargida ba ta taɓa tuƙi ba, amma ta fi ni kunne: daga madafa take jin tashin motar da asuba, ranar da ta ce, “Alhaji, yau muryarta ba daidai ba,” sai na buɗe bonet kafin na fita. 'Yata ta uku, wadda take riƙe mini littafin rumfa, ta ware shafin baya ga mota: kwanan wata, kilomita, abin da aka canza, lambar buji, shagon da aka saya. Ɗana da ke fita kasuwanni da ni tun yana ɗan shekara goma sha biyar shi yake huda kwali. Sau biyu a shekara muke yi ba fashi, ƙarshen hunturu da kuma kafin ruwa ya sauka, ban da duk lokacin da za a yi doguwar tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauran magana ta 'yan'uwa ne da ke nesa, masu rumfuna a Birikiteri ta Yawunde, da Niwbel ta Duwala, da Libarbil da Bangi. Da yawanku kun tara kuɗi kun saya wa ƙane ko ɗa mota ko babur a gida, ya yi haya ya riƙe iyali. Daga nan sai waya: mota ta lalace, a turo kuɗi, wata mai zuwa ma haka, har zumunci ya fara tsami, kai kana zargi, shi yana jin an raina wahalarsa. Sau da yawa babu maci amana a ciki, rashin sani ne a ɓangare biyu. Ku yi yarjejeniya tun farko: duk wata uku a ciro buji a jera a kan kwali mai lamba, a ɗauki hoton bakinsu kusa-kusa a hasken rana, da hoton kilomita, a turo ta WhatsApp. Daga inda kake za ka ga ko ana kula da matatar iska, ko man da ake sha na kirki ne, ko injin ya fara shan baƙin mai, tun gyaran yana na jaka goma bai zama na jaka ɗari biyu ba. Shi ma yaron ya samu shaida ranar da zai ce maka ringi ya gaji.

Kafin tafiyarka ta gaba, ka sa abu huɗu a ƙarƙashin kujera: sifanar buji daidai motarka, ma'aunin rata, tsofaffin buji masu sauran rai a cikin tsumma, da 'yar tocila. Ran Juma'a da safe, kafin injin ya yi zafi, ka kira yaro ɗaya daga cikin 'ya'yanka, mace ko namiji, ku huda kwali tare. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nema.